Wutar Cikin Waya

Zulfa ta ɗauka Salim zai faɗi ranar da manyansa za su zo neman aurenta, sai ya miƙo mata waya a ƙofar gidansu, nan Ƙanƙara.

"Dubi dutsen nan na ƙasar waje, yanzu haka yake aman wuta, kai tsaye muke kallo. Kin ga kyau? Haka sonki ke ci a zuciyata."

Ta ƙura wa jan harshen wutar ido. Irinsa ta gani ranar da ɓarayin daji suka ƙone rumbunan babanta a Sabuwa.

"Kyau?" Ta ture wayar. "Ka san abin da ya koro mu! Kai a waya ka san wuta, ni har yau ƙaurinta nake ji. Kada ka turo kowa."