Gabas a Bayan Gwaggo

Tubali dubu tara, azara, ƙofar zaure, turmi, da Gwaggo Tabawa. Su ne jirgin ƙasa ya ɗauko shekarar da zafi ya sa aka kwashe garinmu zuwa bakin teku.

Na dawo daga karatu na tarar an sake gina gidanmu daidai, har da zanen alƙiblar da kakana ya yi a bango. Sai dai magina sun juya shi ya kalli ruwa. Kumfar teku tana lasar dakali a hankali.

"Gwaggo, yanzu gabas tana bayanki."

"Kai ɗan nan, shekara sittin bangon nan nake fuskanta in zan yi salla."

Ta ja ƙofarta ta rufe.

"Gobe ku juya gidan. Ni ba zan juya ba."