Akwatin da Reza Ya Ɓoye

Reza ya ɗaga almakashi sama kamar mai rantsuwa a gaban alƙali. "Ko sisi ba zan ba shi ba!" in ji shi. Wanda ake wa askin ya sunkuyar da kai don ya tsira da kunnensa.

Wanda ba za a ba sisin ba shi ne Tumbi, dilan kayan aski na bakin kasuwa. Shi ya ba Reza bashin kujera mai juyawa da babban madubi da janareta, a kan zai biya kashi goma sha biyu, kashi ɗaya duk wata. Janaretan ya yi sati uku yana tari, ya ce ga garinku nan. Tumbi ya ce kayan da suka bar shago ba ruwansa da su, kuma in aka tsallake masa wata biyu, da mota zai zo ya kwashe kujera da madubi. Mai askin da ba shi da waɗannan kuwa, sai dai ya koma yi wa mutane a tsaye.

A gida Reza ba ya wannan cika bakin. A gida akwai Akanta.

Haka yake kiran matarsa, saboda gwangwanayen madara biyar da ta jera a saman kabad, kowanne da takarda manne a jikinsa. Duk abin da ya samo da yamma sai ta zazzage a tabarma ta rarraba. Sabulu ana yanka shi biyu kafin ya ga ruwa. Nama ya zama baƙon ƙarshen mako, yara suka koma tafiya makaranta a ƙafa, ita kuma zanenta biyu: ɗaya a jiki, ɗaya a kan igiya.

"Baban yara, ba wanda zai tsaya a ƙofar nan ya ɗaga mana murya," take cewa. "Ko ruwa za mu sha mu kwanta, sai mun biya."

"Sai mun biya, ranki ya daɗe," in ji Reza, har da dafa ƙirji.

Ƙarshen wata sai ta juye masa gwangwanin bashi a hannu. Ya fita da fuskar mutumin kirki, ya sha kwana, ya zarce rumfar abokinsa Kafinta. Nan akwatinsa yake, na katako, a rufe ruf, sai 'yar tsaga a sama. Ya naɗe kuɗin ya zura. Lissafinsa ba wuya: wata goma sha biyu, babur na hannu mai lafiya. Ranar da Akanta ta gan shi a kai, faɗan zai zo da sauƙi. Wace mace ce za ta daɗe tana fushi a bayan babur?

Dabarar ta yi masa daɗi har ta fi ƙarfin bakinsa. Duk kan da ya shigo hannunsa sai ya sha labarin, da sharaɗin kada ya faɗa wa kowa.

Wata biyu suka cika. Reza ya wuni yana aski ido ɗaya a kan titi, duk ƙarar mota sai ya leƙa waje. Can sai ga Tumbi ya biyo ta gaban shago, a ƙafa. Reza ya ga mutane na kallo, ya fito yana kaɗa tawul.

"Gawar janaretanka tana nan a lungu! Zo ka ɗauki abinka!"

Tumbi ya dube shi sama da ƙasa, ya yi murmushi. "Allah ya ba da kasuwa," ya ce, ya wuce.

Shi ke nan, unguwa ta shiga uku da labari. A bakin Reza, da farko harara ɗaya ya yi wa Tumbi. Kafin wata na biyar, Tumbi ya gudu har ya bar takalmi. A wata na takwas kuma sai ga Tumbi da kansa ya zo aski, ya zauna a kan kujerar da ake rigima a kanta, ya biya, ya bar canji. Reza ya ce wannan kuɗin tuba ne.

Abu ɗaya ne ya riƙa cin ransa: 'yar kujerar da Akanta ke zama a kai in tana girki. Duk farkon wata sai ƙafarta ta ɓalle, sai ta saɓa ta ta kai wa Kafinta gyara.

"Abokin nan naka aikinsa ba ya ƙarko," ta ce.

"Ko dai ke kika ƙara nauyi? A wannan horon yunwar da kike mana?"

Ta yi tsaki ta fice.

Ranar da ta juye masa gwangwanin ƙarshe, sai da ta share hawaye da gefen zane. Reza ya karɓa ya nufi rumfar Kafinta. Ya zura kuɗin, ya jira sati guda har mai babur ya kawo kaya, ja, an wanke shi yana sheƙi. Ya gayyato 'yan zaman shagonsa su zo su ga yadda mai kai ke aiki da kai. Kafinta na hango tawagar ya tuna ƙusa ta ƙare masa, ya hau keke ya nufi kasuwa.

Reza ya ɗora akwatin a kan teburin aikin Kafinta, ya girgiza shi kusa da kunnen mai babur. Takarda ta amsa daga ciki.

"Ka ji ko? Wannan kuɗin Tumbi ne, shi ya saya mini babur. In kun gan shi ku yi masa godiya."

Aka fashe da dariya. Ya ɗaga guduma. Bugu ɗaya, ƙasan akwatin ya zame salin-alin kamar ƙofar da ta saba buɗewa.

Takardu goma sha biyu suka zubo, kowacce a naɗe yadda yake naɗe kuɗi. Mai babur ya warware ta saman, ya ga hatimin shagon Tumbi, ya karanta wa jama'a da ƙarfi: "An karɓi kashi na ƙarshe daga hannun matar mai aski. Bashi ya ƙare."