Fitila Mai Kashe Ido

Tunda ka ce gobe za ka shiga kasuwa neman fitilar keke, bari in ba ka misalin wani maginin tukwane, ka tafi da shi a zuciya.

Mutumin nan a wani ƙauye yake can bayan gari, hannunsa kuwa akwai albarka. A keke yake kai kayansa birni, kuma da jijjifi yake tashi, tun duhu bai washe ba, saboda lokacin manyan motoci ba su fito ba, mai ɗauke da abin fashewa kuwa ba ya son a danna masa hon a bayan kunne. Ya daɗe yana fama da tsohuwar tocila da yake ɗaurewa a kan keken da roba, har sayen batir ya ishe shi. A ƙarshen bazarar nan ya yi gashin tukwanensa na ƙarshe, don da zarar ruwa ya sauka yumɓu ya daina bushewa ke nan, sai wata shekara. A cikin gashin akwai wata ƙatuwar randa da ya yi wa wata dattijuwa mai kunun zaƙi alkawari tun bara. Tata ta tsage, ta koma zuba kunu a robar da ke ɗumama shi kafin azahar, masu saye suna ta raguwa. Ya ce mata ta kwantar da hankali, kafin damina randa na ƙofarta.

Ana gobe zai kai, ya shiga kasuwa don ya huta da batir, ya nemi fitila mai caji. Mai kayan lantarki ya ajiye masa guda biyu. Ɗaya ƙatuwa, idanu reras kamar saƙar zuma, tana walƙiya ja da shuɗi in an so. Ɗayar ƙarama, baƙa, ba kyan gani, sai dai mariƙinta ƙarfe ne da noti. Mai kaya bai ɓoye masa komai ba, ya ce, "Wannan ta fi haske, wannan kuwa ta fi daɗewa." Sai ya kunna ƙatuwar, ta dalle wa maginin ido da rana tsaka har ya ga taurari. Rabin maganar farko kaɗai kunnensa ya ɗauka. Tuni ya hango kansa yana shiga ƙauye da magariba, 'yan zaman dandali suna kaucewa suna tsammanin babur ne. Namiji da son a ce! Ya biya, ya kai ta shagon cajin waya ta cika, ya maƙala a keke ya koma gida yana jin daɗi.

Da jijjifi ya ɗaure randa a kan kariyar bayan keke, ya yi mata matashi da ciyawa, ya kama hanya. Da farko abin sai wanda ya gani, ko tururuwa ce ta gifta sai ya gan ta. Bai kai rabin tafiya ba hasken ya fara ja. Ga gargada ta sassauta mariƙin roba, fitila ta sunkuyar da kai tana kallon taya, shi kuma yana ɗaga ta da hannu ɗaya yana tuƙi da ɗaya. Daidai gangaren kwazazzabo, inda hanya ta tsuke, ta mutu ɗif, ko sallama babu. Idon da ya sha haske irin wannan, in aka ɗauke masa farat ɗaya, ya fi na wanda ya fito ba fitila makancewa. Tayar gaba ta faɗa rami. Shi ɗan ƙujewa kawai ya yi a gwiwa, amma ya ji ƙarar a bayansa, kuma magini ba ya bukatar haske kafin ya san ƙarar randarsa. Nan ya zauna a gefen hanya, baƙin ciki ya cika shi, har gari ya waye ya ga tsingaro a warwatse cikin yashi.

Haka ya tura keken har birni, hannu wofi, ya gaya wa dattijuwa abin da ya faru. Da ta yi faɗa da ya fi masa sauƙi. Ta dubi robar kununta, ta ce, "Ba komai, ɗana. Allah ya kai mu baɗi." A makon nan ruwan farko ya sauka.

Ya koma ya sayi ƙaramar, amma ita ma bai yarda da ita don maganar mai kaya ba. Ya yi mata abin da yake wa sabuwar randa, wadda ba ya sayarwa sai ya cika ta da ruwa ta kwana ya ga ko tana yoyo. Ya cika ta da caji, ya kunna, ya rufe ta a ɗaki, yana leƙawa har ya tabbata ta wuce tsawon tafiyarsa zuwa da dawowa. Ya ɗaura ta a keke ya bi kunyoyin gona, bai ga ta sunkuya ba. Tun daga nan ba ta taɓa ba shi kunya a hanya ba. Sai dai dattijuwa haka ta yi daminar nan da ranin da ya biyo baya tana sayar da kunu mai ɗumi.

Saboda haka in ka je, kada ka bari a haska maka ido. Tambayi daɗewarta, jijjiga mariƙinta, ka kai ta gida ka bar ta a kunne ka gani. In ba ka gwada ta a ɗaki ba, hanya za ta gwada maka ita, kuma da kayanka a baya. Hausawa sun ce, sai an gwada akan san na ƙwarai.