Kwalba Ta Bakwai

"Malama, yana iyo!" Wata ɗaliba, Adaugo, ce ta fara ihu, kafin ka ce kwabo yara arba'in sun yi caa a kan waya ɗaya.

Malama Biriskila ta ƙyale su. Shekara shida tana koyar da kimiyya a wata ƙaramar sakandare mai zaman kanta a Sabon Gari, shekara shida tana zana ƙwayoyin cuta da alli, yara na hamma. Madubin ganin ƙwayoyin guda ɗaya makarantar ke da shi, shi ma yana kulle a kabad ɗin Malam Simon, babban malamin kimiyya, wanda ke riritarsa kamar ƙwai. Da ta gaji sai ta bi rumfunan masu gyara, ta tsinto ƙananan gilasai daga matattun na'urorin sidi, ta manna su a kan kyamarar tsofaffin wayoyi. A ɗiga ruwa kaɗan, duk abin da ke ciki ya fito ɓaro-ɓaro.

Aikin zangon shi ne gwada ruwan da mutanen unguwa ke sha: na rijiya, na famfo, na jarkar 'yan garuwan Fagge, kwalba goma dai. Ƙa'ida ɗaya ta kafe a kai, mai gwaji kada ya san ruwan wa yake gwadawa, har ita kanta. Don haka mijinta Ambrose ne ya cika kwalaben ranar Lahadi bayan coci, ya manna lambobi, ya rubuta sunayen, ya liƙe ambulan ya sa hannu a bakinsa. Ba za a buɗe ba sai ranar taron iyaye. Ta jefa shi a durowarta a ɗakin malamai.

Kwalba ta bakwai ce ta tada ajin. A ido fari tas, a waya kuwa kamar Kantin Kwari ana gobe salla. Yara suka ɗauki bidiyo, suka zana, har waɗanda ba su taɓa ɗaga hannu ba suka yi tambaya. Biriskila ta koma gida ƙafarta ba ta taɓa ƙasa, ta zayyana wa Ambrose komai tana zuba masa abinci. Ya ce Allah ya kyauta. Washegari ya shigo da katan ɗin ruwan gora, ya ce cikin 'yarsu Precious ba ya mata daɗi kwana biyu. Ya sauke Biriskila a ƙofar makaranta kamar kullum, ita da jakunkunan ruwan ledar da yake sayar wa shagon ɗalibai, ya ce ta ci gaba da ƙoƙari.

A ɗakin malamai kuwa Malam Simon ko ɗago kai bai yi ba. "Waya a aji," ya ce wa littafin da yake makin. "Za mu gani."

Ranar Alhamis aka gani. Shugabar makaranta, Madam Obiageli, ta kira ta ofis ta tura mata takarda bugun kwamfuta, babu suna, babu sa hannu. An ce malama ta mai da aji gidan kallo, tana tsorata yara, kuma da kwalba ta bakwai tana shirin ɓata sunan wani kamfani mai lasisi a gaban iyaye. In ba a tsayar da ita ba, za a haɗu a kotu.

"Ni ba na son rigima," in ji Madam. "Ki kawo wayoyin. Ki huta a gida zuwa ƙarshen zango, sannan mu duba ko za ki dawo."

"Madam, wane kamfani? Lambobi ne kawai. Ni kaina ban san na waye ba."

"To mai takardar dai ya sani."

Nan ranta ya ɓaci ƙwarai. Durowarta ba ta da makulli, kuma teburinta na jingine da na mutum ɗaya, Malam Simon. Sau nawa ta gaishe shi har ƙasa, sau nawa ta riƙe masa aji yana asibiti? Ta kira Ambrose tana kuka. Ya ce ta yi haƙuri, ta bar wa Allah, aiki ai ba ya ƙarewa, kada ma ta tsaya tone-tone.

Ba ta iya bari ba. Ta faɗa ɗakin malamai ta tsaya a kan Malam Simon.

"Baba Simon, me na tare maka? Ka buɗe min ambulan, ka raba ni da yarana!"

Tsohon ya cire tabarau. "'Yata, wayoyinki ba na son su, kuma a gaban idonki na faɗa. Ban iya rubuta takarda ba suna ba. Jawo durowar."

Ta jawo. Ambulan na nan yadda ta ajiye shi, a liƙe, sa hannun da ke bakinsa ko gezau. Babu wanda ya taɓa buɗe shi. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta yage.

Na ɗaya, rijiyar masallaci. Na biyu, famfon makaranta. Ta gangara har na bakwai, inda aka danna biro da ƙarfi, har da jan layi, cikin rubutun da ta sani tun zamanin wasiƙun soyayya: "Ruwan leda na kamfanin Precious, namu. Za ki gani, shi ne zai zo na ɗaya."