Tafintan Wuyan Lantana

Tun da aka kafa dokar cewa kowace baƙuwar ma'aikaciya sai ta ɗaura tafinta a wuya, ba a ƙara jin muryar Lantana a birnin nan ba. Ɗan abu ne kamar laya. Da ta buɗe baki sai ya haɗiye Hausarta, ya yi magana da harshen ƙasar. Magajiyar gidan da aka sayar mata da Lantana ita ta saita shi.

Ranar da aka aike ta sayen magani, ta ga ɗan sanda a bakin kanti, ta kama hannun rigarsa.

"Yallaɓai, ka taimake ni. Aikin asibiti aka ce zan yi, amma maza ake turo min kullum, ga duka."

Tafintan ya yi magana da murya mai zaƙi, har da 'yar dariya. Ɗan sandan ya dubi hawayenta da kumburarren leɓenta, ya yi murmushi. Ya riƙe mata ledar maganin, ya raka ta har gida.

Magajiya ta tarbe su da fara'a, ta ce da Hausa, "Sannu 'yata, kin kawo mana baƙo. Hau sama ki wanke fuska, yana zuwa."