Kwalbar Baba

Yanzu asibiti ba ya kwantar da kowa, don haka ranar da aka yi wa Baba aikin huhu aka sallamo shi. Ƙananan huda aka yi masa a haƙarƙari, aka bar roba tana tsiyayar da ruwa cikin wata kwalba mai magana. Idan fitilarta ba ta koma koriya ba kafin la'asar ta yau, mota za ta zo ta kai shi ɗakin da ba a barin dangi su shiga. Tari ake so ya yi don huhun ya buɗe, shi kuwa yana tsoron zafin.

"Mara lafiya ya tashi ya taka," in ji kwalbar.

Dole ta kasance ƙasa da ƙirjinsa, sai na riƙe ta ina bin sa a sunkuye, muna zaga tsakar gida. Ni da zaman aji ya gagara, yau ni ke tafiya sannu-sannu.

"Jatau," in ji Baba, "tunda aka haife ka ba ka taɓa rusuna mini haka ba."

"Kwalba nake gaisarwa, Baba."

Ya fashe da dariya, dariyar ta zama tari. Ya damƙi kafaɗata har na ji faratansa. Kwalbar ta yi irin shirun da take yi idan wani a can asibiti yana saurare. Sannan fitilar ta koma koriya.

"To, miƙe mana," ya ce.

"Bari mu ƙara zagayawa tukuna, Baba."