Ƙafar da Ta Gagari Malam Yari

Ranar da Sakina ta fara kukan ciwon ƙafa, babu wanda hankalinsa ya tashi a gidan. Ina dalili? Kakanta Malam Yari ne maɗorin da ake ji da shi a unguwarsu a Aliero, wanda ake kawo wa karaya daga Jega da Maiyama har da ƙetaren iyaka. Mutumin Aliero kuwa, ko da ciwon kai ya kwana, sai ya fara laluben ko wani ƙashi ne ya goce.

Tsohon ya murza ƙafar yarinyar 'yar shekara shida, ya ce targaɗe ne, ya shafa magani ya ɗaure da kara. Bayan sati biyu ciwon ya koma ɗaya ƙafar, ita ma ya ɗaure. A ransa ya san yatsunsa ba su ji karaya ba, ba su ji gocewa ba. Amma a ce jikarsa ta cikin gida ta gagare shi har an kai ta asibiti? Wa zai sake kawo masa ɗansa?

Sati shida ana haka. Zazzaɓi ya ƙi sauka, Sakina ta yi fari fat, dasashinta yana jini, duk inda kara ya taɓa sai ya yi baƙi. Ubanta yana kudu da lodin albasa. Uwarta Fa'iza, wadda ba ta taɓa ɗaga ido ta kalli surukinta ba, ta zo ta durƙusa a bakin zaure.

"Baba, ku yi min aikin gafara. Wanga ciwo ba na ƙashi ba na. In munka ƙara kwana, ɗiyag ga ba ta kai."

Ya so ya yi faɗa, amma da ya kwance ƙafar ya ga gyambo yana ruwa, sai ya fasa. Da kansa ya saɓa yarinyar zuwa tasha, yana jin idon unguwa a bayansa.

Daga asibitin Jega aka tura su Birnin Kebbi, daga can sai Sakkwato. Aka gwada jini, aka ɗebi ɓargo. Likita ta zaunar da su ta ce sankarar jini ce, irin wadda ba kasafai ake gani ba, kuma a ɓargo take farawa, shi ya sa ƙashi ke ciwo. Ta ce yara da yawa suna warkewa in an zo da wuri aka kuma kai magani ƙarshe. Sai dai gyambon da ɗaurin ya jawo ya ci har tsoka, dole a fara yaƙi da shi. Kwana goma sha biyu Sakina ba ta san wanda ke kanta ba. Malam Yari ya yi kuka kamar ransa zai fita, don ya san shi ya ja.

Dariyar da yake tsoro, Aliero ba ta yi masa ba. Da aka ce ana neman jini, masu lodin albasa suka cika mota, rabinsu waɗanda ya taɓa yi wa ɗori, suna gardamar wa zai fara miƙa hannu.

Magani ya kama aiki, gashin Sakina ya zube tas. Ta shafa kanta, ta shafa sanƙon kakanta, ta ce yanzu an yi kunnen doki, amma nata zai fito, nasa kuwa sai a Aljanna. Ɗakin marasa lafiya ya ɗauki dariya.

Bayan wata huɗu Sakina ta miƙe, tana cin tuwo ba kama hannun yaro. Maƙwabta suka ce ai ta warke, a huta da zirga-zirgar Sakkwato. Wannan karon tsohon ne ya taka wa maganar burki.

"Ni ban kwance ɗori ƙashi bai kama ba. Don mi za ni yanke ma likita aikinta a tsaka?"

Shekara biyu da 'yan watanni, ko ana ruwa ko ana cirar albasa, bai taɓa tsallake ranar asibiti ba. Ranar gwajin ƙarshe likita ta daɗe tana duba takarda, sannan ta ɗago da murmushi ta ce jinin Sakina fes yake, sai dai a riƙa kawo ta ana dubawa. Fa'iza ta rangaɗa guɗa a cikin ofis. Malam Yari ya faɗi ya yi sujada.

Yau Sakina tana makaranta, tana tsere da ƙawayenta duk da ɗan ɗingishin da gyambon ya bar mata. Duk ranar da tsohon ya ga ɗingishin, sai ya sunkuyar da kai.

Jama'a, yaron da ƙashinsa ke ciwo bai faɗi ba, ga zazzaɓi, ga ɗashewa, ga jini a dasashi, a kai shi asibiti a gwada jininsa. Sankarar jini tana jin magani in an zo da wuri aka kai ƙarshe. Babba ya san iyakar saninsa, don in ya yi girman kai, yaro ne ke ɗaukar tabon.